Madarar Jijiya

Litinin, 19 ga Agusta

An kira ni Tasawa, taron rubuta ƙa'idar wani sabon ruwan magani na guba. Mu takwas, ni kaɗai ne majo, wato malamin jinya mai riƙe da asibitin ƙauye, sauran duk manyan takardu. Ni da na fara da sharar ɗakin allura, ban wuce kwaleji ba. To, ga ni kan kujera ɗaya da su.

Dokta Nafisa ke jan taron. Shekarun aikina sun kusa na haihuwarta. Ta ɗaga kwalbar, fara tas. Mai ne, in ji ta, ana sa shi ta jijiya ya tsotse wasu gubobi. An fi sanin amfaninsa in allurar kashe zafi ta taɓa zuciya. Ga gubar maganin feshin gona kuwa ba a tabbatar ba tukuna, sai an yi atirofin, allurar da muka saba yi mata, an yi komai ya ƙi, kuma a babban asibiti kaɗai. Ni aka ba shafin Hausa na ma'aikatan ƙauye. Wa kuma za a ba?

Alhamis, 22 ga Agusta

Sunan ruwan na Faransanci ko ni sai na yi tuntuɓe. Na raɗa masa madarar jijiya. Ɗaki ya ɗauka da dariya, har da tafi. Dokta Nafisa kaɗai ta ɓata rai. "Baba Majo, kalmar madarar nan tana ba ni tsoro." Na ce, "Dokta, ke littafi kika karanta, ni mutane na karanta." Ta rubuta sunan. Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Litinin, 26 ga Agusta

Kasuwar Mayahi. 'Yan rumfar masu iri sun tare ni sai na ba da labarin taron. Na bayar, wataƙila har na ƙara gishiri. Tun da na dawo na kasa zama wuri ɗaya, shafin nake ta juyawa.

Asabar, 7 ga Satumba

Sanda. Manomin wake na bayan gari, mai 'ya'ya biyar.

Da hantsi ya yi feshi, ƙishi ya kama shi, ya ɗaga gorar da ya dama maganin ciki ya kurɓa, ya ɗauka ta ruwa ce. Sai bayan la'asar aka kawo shi a amalanke. Yawu kamar an buɗe famfo, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji na ƙara. Rigarsa duk nono da man gyaɗa.

Na daka wa wansa Harisu tsawa, ina kuka tsaya tun safe? Ya dube ni ko ɗar. "Haba Majo, ba kai ka faɗa a kasuwa yanzu da madara ake kashe guba ba? Muka ce ga shanu a gida, me zai kai mu Tasawa?" Ƙwarya biyu ta nono suka ɗura masa yana kwance, suka bi da mai. Ya shaƙe, rabi ya tafi huhu.

Na ce ta jijiya na ce. Ya ce, "Mu dai madara muka ji."

Atirofin, atirofin, allura bayan allura. Da ƙirjin ya ɗan bushe na sa shi a mota zuwa Tasawa.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ba labari. Na share farfajiya da kaina, na sake sharewa.

Talata, 10 ga Satumba

Ai tun kakanni ana ɗura wa mai guba nono, ba ni na ƙirƙiro ba. Shekara ashirin ina hana su. Haka na faɗa wa matata Zara'u da ta kawo mini tuwo. Ta ce, "To Malam, da kana hanawa suna kawo shi da wuri ko?" Ta ɗauki kwanonta ta fita. Mace da baki.

A da kam suna kawowa da wuri. Wannan ne abin.

Alhamis, 12 ga Satumba

Dokta ta kira. Sanda yana numfashi da kansa, huhun ne zai ja lokaci. Farin ruwan ma ba a sa masa ba, bai kai ga buƙata ba. Na tsaya ina jiran ta faɗi abin da ni da zan faɗa in ni ne ita. Sai kawai ta ce, "Baba Majo, shafinka nake jira ranar Litinin." Da ta zage ni da ya fi sauƙi.

Asabar, 14 ga Satumba

Na sake shafin. Layin farko yanzu: kada a ba shi komai ta baki, ko nono ko mai, a kwantar da shi ta gefe a taho. Ruwan kuma na bar shi da sunansa na Faransanci, mai tuntuɓe ya yi tuntuɓe.

Kafin in aika na je gidan Sanda, na zauna a zaure, na karanta wa Harisu da matar Sanda, Hajara, tana daga bayan ƙyaure. Na ce kowa ya maimaita mini abin da ya ji. Wuri uku ta ji daban da abin da na rubuta. Na gyara su kan gwiwata tana jira.

Ba wani abu ba ne, shafin ne ya ɗan yi tsawo. Gobe zan karanta wa matan bakin rijiya.