Ƙwarƙwatar Rana

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Ya ƙafar uwargida? Maƙwabcinmu ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana shi gyara mini magana.

Lafiyata ƙalau. Tarin nan ne kawai.

Ɗan naka yana nan da aikinsa na kallon rana. Jiya ya kai ni ofishinsu ya nuna mini ita a kwamfuta, duk jikinta ɗigo-ɗigo fari da baƙi kamar ƙwarƙwata. Wai maganaɗisu ne, suna rarrafawa a hankali. Ya san inda kowanne ya kwana, amma bai ga yadda na yi ta hutawa a matakala ba.

Na ce, "Suna isa inda za su?" Ya ce, "Baba, yawancinsu a hanya suke mutuwa." Ko ɗagowa bai yi ba.

Ban yafe maka ba, kai ka ce in biyo shi. To, ka kira shi ka ce a maido ni gida. Ni ba zan roƙi ɗan da na haifa ba. Amma kada ka daɗe.

Allah Ya sada mu.

Yayanka.