Bayan Hadiza

Garwa, daren Laraba

Yau mun kai Inna babban asibiti. Tun da aka sauya tsari aka mai da malamin asibitin unguwarmu zuwa garin Ngong, babu mai leƙo ta gida, ga shi ɓarin jikinta ya shanye.

Likita ya gama duba ta, sai ya tsaya yana kallon yadda matata Hadiza take miƙewa dafe da ƙugu. Ya ce, "Wa yake ɗaga tsohuwa?" Na ce ita. "Wa yake karɓarta ta huta?"

Ya duba bayan Hadiza, ya rubuta mata magani. Sannan ya shimfiɗa zane a ƙarƙashin Inna, ya nuna mini yadda mutum biyu suke juya majinyaci. Ya ce, "Malam Sule, in wannan baiwar Allah ta kwanta, wa zai riƙe mahaifiyarka?"

Da la'asar na ce Hadiza ta zauna, na ɗaga Inna da kaina. Ni da nake saɓa cinyar bijimi a mahauta, sai da na yi nishi. Shekara biyu tana wannan ita kaɗai, ban taɓa tambayarta ba.