Na fassara wa ƙanwata ƙarya a shagon kwamfuta

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, ko harafin farko kar a sa, saboda 'yan unguwarmu da yawa suna bin shafin nan. Ina kuma roƙon ku, ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina. Duk abin da za ku faɗa mini na riga na faɗa wa kaina, shawara ce kawai na rasa.

Ni haifaffiyar Agege ce, ina da aure da yara biyu. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki, ɓangaren mata: kamu, sa lalle, walima, duk inda iyayen amarya ba sa son namiji ya shigo da kyamara. Ni nake ɗauka, ni nake tacewa. Kwamfutar da nake aiki da ita ma ni na haɗa ta da hannuna, kaya ɗaya bayan ɗaya, bayan na ƙona guda a baya na koyi darasi. Na faɗi wannan ne don ku san abin da na aikata ba rashin sani ba ne.

Shekara biyu da suka wuce aure ya kawo 'yar ƙanwar mahaifiyata Legas daga Gumel. Zan kira ta Ummi, ba sunanta ba ne. Mahaifiyarta ta rasu, shi ya sa Mama take ji da ita fiye da mu da ta haifa. Mijinta yana gadi a wajen Obalende, sai ƙarshen mako yake dawowa, zaman kaɗaici ya ishe ta, Mama ta ce in riƙa fita aiki da ita. Na koya mata riƙon kyamara, na koya mata tacewa, kuma wallahi da zuciya ɗaya na koya mata. Abin da ban shirya masa ba shi ne, Ummi tana da ido. Ni ina can ina bin amarya, ita ta tsaya kan hannun kakar amarya yana rawa a kan kaskon turare. Ni ina jiran a gyara tsayuwa a kalle ni, ita ta kama uwar amarya ta juya baya tana share hawaye da bakin mayafi. Mutane suka fara gane bambanci. Rannan wata Hajiya mai haɗa lefe, wadda ta fi shekara biyar tana kawo mini aiki, ta kira ni ta ce, "Bikin jibi ki turo mini ƙanwar nan taki, ke ki huta." In huta? Wa ya ce mata na gaji? Na yi dariya na ce to Hajiya, na ajiye waya, na zauna a bakin gado ina jin wani abu yana ci na a ƙirji, abin da a lokacin na ƙi kiran sunansa.

Ba a yi wata uku ba Ummi ta zo ta durƙusa a gabana ta ce, "Yaya, ina so in haɗa tawa kwamfutar, in daina takura miki a kan taki. Na sayar da sarƙa da 'yan kunnen da Inna ta bar mini. Ke za ki zaɓa mini komai, ni ban san ko ɗaya ba."

Ranar wata Talata muka hau danfo, motar hayar Legas, zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja, shagon wani Bayarabe da na daɗe ina sayayya a wajensa, mutum mai gaskiya, kowa Oga yake ce masa. Ni ina jin Yarbanci kamar Hausa. Ummi kuwa ban da gaisuwa ba ta jin komai, don a unguwarmu sai ka shekara ba ka buƙaci wani yare ba. Ƙananan kayan ba su ba mu wahala ba. Abu uku suka rage, kuma su ne suke yanke wa kwamfuta hukunci: motherboard, wato allon da komai yake hawa kansa, da graphics card, katin da ke ɗaukar nauyin hoto, sai akwatin da za a zuba su a ciki.

Idon Ummi ya faɗa kan wani ɗan ƙaramin farin akwati, gabansa gilashi, gefensa gilashi, da fitilu masu canza kala. Ta shafa shi ta ce, "Yaya, dubi wannan, kamar na amarya." Ni kallo ɗaya na yi masa na san ba ta inda iska za ta shiga. Na kuma san ɗakin Ummi: rufin kwano, taga ɗaya, da rana ko mutum ba ya iya zama sai ya fito tsakar gida. Kalma ɗaya ce ta kamace ni, a'a. Sai na ji bakina ya ce, "Ya yi kyau kam." Muka koma kan kati. Akwai wani ƙato, tokunbo, wato na hannu, mai fanka uku, irin wanda ke cin wuta ya fitar da zafi kamar murhu, akwai kuma wani matsakaici sabo da ya ishe ta aikinta har ya yi saura, kuɗinsu kusan ɗaya. Na ce ta ɗauki ƙaton, na ce ai babba ya fi ƙarfi. Waɗannan biyun zan iya yaudarar kaina in ce ita ma ta so su. Amma motherboard ɗin ni na nuna da yatsana. Ƙarami, tsohon yayi, ramin RAM, inda ake ƙara wa kwamfuta ƙwaƙwalwar aiki, biyu kacal, wanda in aiki ya ƙaru ba abin da za ta iya ƙara masa sai dai ta zubar ta sake sabo. Na san haka sarai. Ina nuna shi ina ji a raina cewa iyakarta ke nan.

Oga ya jera kayan a kan tebur, ya kalle su, ya ɗago ya kalle ni. Ya ce mini da Yarbanci, "'Yata, ke da kanki? Katin nan in ya shiga akwatin nan ko yatsa ba zai wuce ba. Zai yi zafi ya riƙa mutuwa a tsakiyar aiki. Ga baƙin can mai raga a gaba, ba shi da kyau amma yana numfashi. Allon nan kuma kin san ya tsufa, ga mai rami huɗu, ɗan abin da ke tsakaninsu ba yawa."

Ummi ta taɓa ni ta ce, "Yaya, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce kin iya zaɓe."

Ta yi murmushi, ta ce masa "E se", wato na gode, da ɗan Yarbancinta. Mutumin ya ga alamar saƙonsa bai isa ba, sai ya juya wajenta da kansa ya ce, "Madam, this one go hot o." Wannan kam ta ji. Ta ce, "Yaya, kamar zafi yake cewa?" Na ja ta gefe na rage murya na ce, "Rabu da shi, baƙin akwatin can ne ya yi masa kwantai yake so ya manna miki. Ba ki san 'yan kasuwar nan ba." Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya sa da ni ta zo. Oga ya rubuta takarda, amma kallon da ya yi mini lokacin da yake miƙo ledar har yanzu ina ganin sa. A danfo Ummi ta rungume akwatin a cinya tun daga Ikeja har gida, duk ramin da aka faɗa sai ta ɗaga shi sama. Ni na haɗa mata washegari. Da ƙyar katin ya shiga, sai da na lanƙwasa wayoyi na danna murfin da gwiwa. Da fitilun suka kama ta yi guɗa, maƙwabta suka leƙo.

Me nake tunani a lokacin? Na yi wa kaina wannan tambayar ya fi a ƙirga. Ban so ta lalace ba, ko kuwa haka nake gaya wa kaina. So nake aikinta ya riƙa jinkiri, ta riƙa dawowa wajena, a ci gaba da cewa ƙanwar wance. Shi ke nan. To amma wa ya taɓa auna mugunta ta tsaya daidai inda ya so?

Ƙananan ayyuka sun tafi lafiya, har na fara cewa wataƙila Allah ya rufa mini asiri. Sai Hajiyar nan ta kawo mata babban aiki, bikin 'yar wani dillalin shanu, kwana huɗu ana yi, kuma amarya za ta bi mijinta Yamai ranar Lahadi, ana so ta tafi da bidiyonta. Ummi ta tace komai tsaf. Da ta zo fitar da shi ya zama kammalallen bidiyo, kwamfuta ta kai rabi ta ɗauke ɗif. Ta sake, ta ɗauke. Ta ari fankar maƙwabta ta kafa mata, ta ɗauke. Ranar Juma'a da azahar ta kira ni tana kuka, "Yaya, in ta fara sai ta yi ƙugi kamar janareta, gilashin ba ya taɓuwa, sai ta mutu. Me na yi ba daidai ba?" A nan ma ƙofa a buɗe take. Da na ce mata ta kwance gilashin gaba da na gefe ta bar shi a buɗe, da aikin ya fita a ranar. Sukurori huɗu ne. Na ce mata, "Anya ba wutar layinku ba ce?"

Lahadi ta zo ba bidiyo. Hajiya ta zo har gida, a tsakar gida, gaban matan haya, ta ce mata 'yar ƙauye wadda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta, ta ce ta zubar mata da mutunci a gaban manyan mutane. Daga nan Hajiyar ta kira ni. Na karɓi aikin, na fitar da shi a tawa kwamfutar cikin yini ɗaya, ban canza ko daƙiƙa ɗaya daga abin da Ummi ta tace ba don ba abin canzawa, aka aika Yamai. Uwar amarya ta kira ni da kanta ta ce ba ta taɓa ganin bidiyo mai taɓa zuciya irin wannan ba, ta ce hannun tsoho daban ne. Na ce na gode. Na gode fa na ce! Yanzu duk ayyukan sun dawo wajena, har ina mayar da wasu, kuma ban taɓa tsanar ƙarar wayata irin yanzu ba. In na zauna tacewa sai in tashi, in na tashi sai in rasa inda zan nufa. Jiya na tsinci kaina a bakin titin jirgin ƙasa da ledar cefane, ban san me ya kai ni can ba. Maigidana ya tambaye ni ko ciki ne da ni, don abinci ba ya shiga.

Shekaranjiya da la'asar na ɗaura niyya na tafi in faɗa mata. Na tarar ta lulluɓe kwamfutar da tsohon zani, ta ɗora kwanuka a kai, tana tsakar gida tana suyar awara ta sayarwa. Ta ce katin ma yanzu ya fara zana koren layi a fuskar kwamfutar. Ta zubo mini awara da yaji, ta zauna kusa da ni ta ce, "Yaya, da ba ki karɓi aikin nan ba da ban san inda zan sa kaina ba. Ni dama na san abin nan ba na irinmu ba ne. Allah ya bar mini ke." Na buɗe baki, wallahi na buɗe, abin da ya fito shi ne, "Amin." Wace irin mace ce ni?

Da a nan ya tsaya da wataƙila na ci gaba da haɗiye abina. Amma mijinta ya nuna wa wani abokinsa kwamfutar, direban tanka ne a Apapa mai ɗan sanin waɗannan abubuwa, abokin ya ce duk wanda ya haɗa wannan kati da wannan akwati ya san abin da yake yi, cuta ce. Su duka sun ɗora laifin a kan Oga. Sun ce ya ga baƙuwa ba ta jin yare ya zuba mata tarkace. Ranar Asabar ɗin nan za su je shagon, mijin da abokin, kuma abokin yana jin Yarbanci kamar a Ibadan aka haife shi. Sun ce in bai karɓi kayansa ba har ofishin shugabannin kasuwa za su kai shi. Ɗazu Ummi ta turo mini saƙon murya: "Yaya, dole ki zo, ke ce shaidata. Ke kika ji da kunnenki ya ce mun iya zaɓe."

In na je na maimaita ƙaryar, na tozarta dattijon da ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana, a gaban maƙwabtan shagonsa, kuma zai kalle ni ya faɗi abin da ya faɗa mini kalma bayan kalma. In na ƙi zuwa zai faɗa ko ba na nan, ta ji daga bakin wani. Na yi tunanin in riga su zuwa in sayo baƙin akwatin da sabon kati da allo mai kyau, in haɗa mata in ce kyauta ce, in roƙe su su bar maganar. Zan iya, yini ɗaya ya ishe ni. Amma sunanta da ya ɓaci a tsakar gida fa, wa zai gyara shi in ban je na gaya wa Hajiya aikin waye aka yaba ba? Kuma zan zauna ta sake durƙusawa tana yi mini godiya? In kuma na faɗi gaskiya, ba ita kaɗai za ta ji ba. Mijinta zai ji, maigidana zai ji, Mama za ta ji, Mama da hawan jininta, ta ji abin da na yi wa marainiyar ƙanwarta.

Yau Laraba. Saƙon Ummi yana nan, ta ga na saurara, ban amsa ba, kuma yanzu haka da nake rubutun nan ta sake kira sau biyu. Don girman Allah ku faɗa mini, ta ina zan fara, kuma wa zan fara tunkara, ita ko Oga ko Mama? Me zan yi?