Maha ta Lamba Sha Biyu

Jidda, Talata

Aikin farko na yau: kai wa Baba maganin hawan jini da tabarau. Sun karɓi maganin, sun dawo mini da tabarau.

Yaya Bilkisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar nan taki, ta daina kumbura? Ki gaida Gwaggo, amma kada ki karanta mata wannan. Na rubuta a takarda zan ɗauki hoto in turo miki, kin san ni tun muna sakandare a can Kano, in ban rubuta magana ba sai ta sarƙe mini a baki.

Baba yana hannun 'yan sanda tun jiya da hantsi. Lafiyarsa ƙalau, na gan shi da idona. Bari in jera miki yadda aka yi.

Yau kwananmu tara da tarewa a unguwar Safa, ni da mijina Raed, a wani bene mai gidaje goma sha biyu. Namu ne na sha biyun, can sama. Tun ranar da muka kwaso kaya daga unguwar Hindawiyya Baba yake tambayata ko na kai wa maƙwabta abinci. Kin tuna dokar marigayiya Inna: ba a kwana bakwai a sabon gida ba tare da kowace ƙofa ta ɗanɗana girkin gidan ba, in an ƙwanƙwasa ba a buɗe ba sai a rataye a hannun ƙofa. Na ce masa nan ba a haka. Ya ce ko'ina ana cin nama.

Jiya ina wurin aiki a shagon ɗinki, Raed ma ya fita, sai Baba ya gasa tsire ƙunshi goma sha biyu, kowanne da albasa da yajinsa, ya hau tasi bai gaya wa kowa ba. Ya bi ƙofa ƙofa yana sallama. Babu wanda ya buɗe. Ya riƙa ratayewa yana hawa sama. Matar lamba bakwai, Umm Hamad, ta ɗauke shi hoto ta kyamarar ƙofarta, ta sa a zauren wayar da mazauna benen suke magana, ta rubuta cewa ga wani takruni, wato baƙar fata irinmu, yana gwada ƙofofi. Cikin minti ashirin motocin 'yan sanda biyu suka zo. A matakalar ƙarshe suka same shi, ƙunshinmu yana hannunsa.

Abu biyu suka ɓata lamarin. 'Yar wuƙarsa ta yankan albasa tana aljihunsa kamar kullum. Sannan iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare kwana goma sha ɗaya da suka wuce, kafilinsa Majid, wanda ya tsaya masa a takardar, ya tafi Masar jinya bai sabunta ba. Jami'in da na gani ya ce in takarda ba ta fito ba, sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Na ce masa wace ƙasar? Mutumin nan a Hindawiyya aka haife shi, shekararsa saba'in da ɗaya, bai taɓa taka Najeriya ba. Ya ce in jira a waje.

Yaya, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne teburin jami'in. Takardun ƙunshin Baba ne a buɗe a kai, da tsinke, da ɓurɓushin yaji. Sun kwaso tsiren a matsayin shaida, sun cinye. Wani ma yana lasar yatsa yana tambayata ina rumfar tsiren Baba take.

Ki sa mu a addu'a. Akwai sauran magana, hannuna ne ya gaji.

Ƙanwarki,
Tani

Jidda, Alhamis

Yaya Bilkisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji saƙonki, kuma na gode da saukar da Malam ya sa aka yi. Ki ce wa yara kakansu yana cin abinci.

Raed ya samu Majid a waya. Ya ce zai sa hannu daga can, amma gobe da jibi ofisoshi a rufe suke, sai Lahadi. Kwana uku ke nan ƙari a kan benci na ƙarfe. Na kai bargo, sun ce babu izini. Na kai na biyu da ya fi shi ƙanƙanta, sun karɓa. Ban gane dokar ba, na dai rubuta.

Ranar Talata na ce miki hannuna ya gaji. Ƙarya na yi, ga sauran maganar.

Ina cikin zauren nan na waya. Sunana na takarda na sa, Maha, da lambar gida, hoton kuma fure ne. Ni na zaɓi furen, na daɗe ina zaɓa. A kwana taran nan ba wanda ya haɗa Mahar da ke rubuta Larabci mai kyau da baƙar matar da ke shiga lif. Sau biyu Umm Hamad ta tambaye ni a lif gidan wa nake yi wa aiki, kuma ko ina da ranar da ba na yi wa kowa aiki. Ban gyara mata ba. Na yi murmushi na sauka.

Ranar Litinin ina riƙe da tef ina auna wata amarya sai wayata ta yi ƙara. Na duba. Hoton daga baya aka ɗauka, dishi-dishi: ƙeya baƙa, farar riga, jaka a hannu. Lamba uku ta ce Allah ya tsare. Lamba tara ya ce irinsu sun yi yawa a unguwar. Na ga kowa yana magana ban da sababbin zuwa, na ji kamar shirun zai nuna ni. Sai na rubuta: ku kira 'yan sanda, kada ku jira. Umm Hamad ta sa mini alamar zuciya. Na ji daɗin alamar, Yaya. Na mayar da wayar jaka, na ci gaba da awo, ƙugu talatin da ɗaya.

Na yi ta juya abin. Da ban rubuta ba ma da sun kira, wannan gaskiya ne, na duba lokutan saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Amma ba shi ke hana ni cin abinci ba. Ƙeyar da na yi shekara arba'in ina kallo a bakin wuta, ƙeyar da muke rungumewa in ya goya mu zuwa bakin teku, ban gane ta ba, domin ban duba ba. Launin kawai na gani, na yanke hukunci, daidai yadda ake yi mini a kantin unguwa in mai gadi yana bina daga layi zuwa layi.

Jiya Raed ya rubuta a zauren cewa tsohon surukinsa ne, abinci ya kawo. Daga baya lamba tara ya ce to ai da sai a sanar. Umm Hamad ta ce ita fa tsaron yara ta duba, kuma ai har Maha ta goyi baya. Raed ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya ajiye wayar a kife. Da ya yi faɗa da ya fi mini.

Kada ki gaya wa Baba in kun yi waya. Ban san ko ina roƙonki ne don shi ko don kaina ba.

Taki,
Tani

Jidda, Lahadi

Yaya Bilkisu,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya. Baba ya fito yau bayan azahar. Yana Hindawiyya, ya yi wanka, ya sha kunu, jininsa ya ɗan hau amma ba sosai ba. Alhamdu lillahi.

Takardar Majid ta iso da safe. Na zaci shi ke nan, ashe da saura. Sai da Baba ya sa hannu a alkawarin cewa ba zai sake shiga benenmu ba sai wani mazauni ya tare shi daga bakin titi. Gidan 'yarsa ke nan. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Jami'in yana ce masa yalla, yalla ya hajj, wato yi sauri Alhaji, kamar shi ya ɓata musu lokaci. Wuƙar kuwa sun ce halas, wato shi ke nan, ta zama ta hukuma.

Kafin sa hannun, jami'in ya karanta ƙorafin da ƙarfi, har da gidajen da suka goyi baya: na uku, na bakwai, na tara, na sha biyu. Ina tsaye a bayan Baba. Bai juyo ba. Na ga dai kunnensa ya motsa.

A mota tambayarsa ta farko ita ce ko mutanen sun samu sun ci kafin ya huce. Raed ya ce an ci, Baba. Bai yi ƙarya ba. Mun yi nisa sai ya ce, "Tani, mu ga hoton nan da aka yi mini." Na miƙa masa wayar da tabaransa, alhali saƙona yana nan ƙasa da hoton, da zuciyar Umm Hamad a jikinsa. Kin san Baba yana karanta Larabci fiye da mu. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe haka ƙeyata ta tsufa." Ya miƙo mini.

Sai ya kawo wata magana. A ɗakin da aka ajiye shi akwai wani Zaharadden, mai gyaran famfo, mutumin Damagaram. Shi ma maƙwabta suka kira masa, an gan shi a bayan wani gida da jakar kayan aiki, alhali mai gidan ne ya kira shi. Sati uku yana ciki, matarsa ba ta san inda yake ba. Baba ya haddace lambarta, ya karanto mini sau biyu na rubuta a tafin hannu. Ya ce, "Ki kira ta yau ko gobe. Shi ba shi da 'ya a lamba sha biyu da za ta zo ta fitar da shi."

Ban san yadda yake nufi ba, Yaya, kuma ban tambaya ba. Da muka sauke shi ya sa mini albarka kamar kullum.

Na dawo na haɗu da Umm Hamad a lif. Yanzu ta san ni. Ta ce in gaida baba, kuma an ce tsirensa babu irinsa, ko yana karɓar oda ta biki? Na ce zan tambaya. Kin ji ni, har yanzu ina cewa zan tambaya.

Na kira lambar matar Zaharadden sau uku, a kashe. Ki gaida Gwaggo, yanzu za ki iya gaya mata an sake shi. Sauran ki bar mini.

Ƙanwarki,
Tani

Na gobe, kada in manta:
Sake kiran matar Zaharadden, in a kashe ne in nemi 'yan Damagaram na Hindawiyya.
Sayo wa Baba wuƙa, mai ƙotar katako.
Cire furen, sa fuskata.
Gaya wa Umm Hamad ba ya karɓar oda.
Zuwa wurin Baba bayan la'asar, in faɗa masa da bakina, ba a takarda ba.