Shafin da Ke Ɓace wa Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin ƙaramin? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin san an zuba littattafan ɗakin karatunmu cikin kwamfuta. To, shugaba ya ɗora mini aikin gwaji: in kawo masu karatu goma, in ba kowa minti biyar ya nemo littafi ya buɗe, ni kuwa in zauna gefe ina rubuta inda ya yi tuntuɓe. Sharaɗin shi ne kada in sa baki.

Yaya, wa zai iya? Baba ne na farko, kin san tun rasuwar Inna nan kaɗai yake zuwa. Yana lalube yana neman inda zai latsa, gumi na keto masa, ni kuma in zuba ido kamar ba 'yarsa ba? Wallahi kama hannunsa na yi na ɗora. Haka na yi wa sauran dattawan. Da na tambaye su ko sun sha wuya, kowa ya ce madalla, kara suka yi mini. Na rubuta cewa duk goman sun ci. Jibi za a kwashe kantoci, littattafan takarda su tafi sito.

Ki gaida mutan gida.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki yi haƙuri da shiruna na wata biyu. Ba lafiya ba.

Baba ya daina fita. Kwana tara ke nan yana zaune a ɗaki, ko labule ba ya ɗagawa. Sai da na matsa masa ya gaya mini wai kansa ne ya fara taɓuwa. Yana cikin karatu sai rubutun ya ɓace masa fat, ya ga kansa a farko kamar bai taɓa buɗewa ba. Ya ce haka kakanmu ya fara kafin ya manta sunayen 'ya'yansa.

Na koma wurin aiki na bincika. Ashe idan mutum ya yi minti shida bai taɓa komai ba, sai na'urar ta rufe littafin, ta ɗauka ya tashi. Baba kuwa kin san karatunsa, layi ɗaya sai ya tauna shi ya tauna. Gwajina minti biyar ne, ina zan gani? Na duba bayanan katinsa na ɗakin karatu: sau arba'in da ɗaya ya buɗe shafi guda. Bai taɓa kirana ba, alhali teburina taku goma ne daga kujerarsa.

Na kai kuka wurin shugaba. Ya zaro rahotona ya nuna mini sa hannuna, ya ce masu gyaran na'urar sun tafi, sai baɗi.

Jiya na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, cewa ƙalau yake, laifin na'ura ne da nawa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya shafa kaina, ya sa mini albarka. Ya ce ya san ina son kwantar masa da hankali ne, amma in daina wahalar da kaina da ƙarya. Daga nan ya miƙo mini takardar da ya rubuta sunayenmu duka a kai da manyan baƙaƙe, wai in manna masa a bango tun yana gane mu.

Na manna, Yaya. Don Allah ki zo.

Ƙanwarki,
Auta