Almakashin da Na Jefa a Mangalar Surukina

Assalamu alaikum Malam Edita, da dukan masu karanta wannan shafi. Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya. Don girman Allah ku sakaya sunana da na ƙauyenmu, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini, don tsinuwar da nake sha a gida ma ta ishe ni. Ku yi haƙuri da rubutun, bokon nawa na ajin yaƙi da jahilci ne.

Ni tela ne, ina da rumfa a kasuwar Rogo, gidana kuwa yana wani ƙauye wajen Zoza, unguwa ɗaya da surukina, mahaifin matata. Dattijo ne manomin gyaɗa, shi ne kuma ladanin masallacinmu. Tun da ya ba ni 'yarsa bai taɓa kama sunana ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. In na hango shi sai in tuɓe takalma in durƙusa daga nesa. Kowace ranar kasuwa yakan ɗaure jakinsa a bayan rumfata, ni kuma in na yi cefane sai in zuba a mangalarsa ya kai wa 'yarsa. Ba ya tambaya, ba ya leƙawa. Wane dattijo ne zai buɗe ƙunshin mijin 'yarsa?

Ran kasuwar da abin ya faru na shiga kantin wani ɗan kasuwa sayen zare. Akwai wani sabon almakashi a rataye jikin ƙusa, irin mai baƙin mariƙi da ake kawowa daga Ikko, na daɗe ina haɗiyar yawu a kansa, domin nawa ya dakushe, tauna yadi yake yi kamar akuya. Mai kantin ya juya yana auna wa wata tsohuwa kananzir. Wallahi ban fito gida da niyyar sata ba, ban kuma taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, amma sai kawai na ji almakashin a aljihun rigata, ƙafafuna kuma suna tafiya. Yunwa nake ji? Tsirara nake yawo? Ko ɗaya. Kwaɗayi ne tsagwaronsa, mabuɗin wahala. Ban kai rumfata ba na ji ihu ya tashi a bayana, 'yan doka sun tare bakin kasuwa, an ce ba mai fita. Na zaga baya, na cusa almakashin cikin ƙunshin daddawa da barkono, na jefa a mangala kamar yadda na saba. A raina na ce wa zai taɓa kayan ladan?

Rumfunan teloli aka fara bincikewa, tunda kayan aikinmu ne. Aka zazzage tawa tas, ba a ga komai ba, har mai kantin ya kama hannuna yana cewa, "Yi haƙuri Malam, ba don zargi ba ne." Ni kuwa na yi fuskar wanda aka ci wa mutunci. Daga nan suka koma kan jakuna. Ina zaune a kan keken ɗinki ina taka shi ba zare, na ji an ce, "Ga shi!" Na ga surukina tsaye, yara da manya sun kewaye shi suna "Ɓarawo! Ɓarawo!", wani ya make masa hula ta faɗi ƙasa. Ya dubi ƙunshin, ya dubi daddawar, sai ya sunkuyar da kai. Ko sau ɗaya bai waiwayo wajen rumfata ba. Ni kuma na tashi? Na ce ku sake shi, ni ne? Ban tashi ba, jama'a. Ina kallo aka sa masa igiya a ƙugu aka nufi Karaye da shi a ƙasa, inda kotun alƙali take.

Na bi su har gaban alƙali, ina cikin 'yan rakiya masu salati. Alƙalin da kansa ya yi mamaki. Ya ce, "Dattijo, me manomi zai yi da almakashin tela? Za ka rantse ba kai ka ɗauka ba?" Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, zan rantse." Alƙali ya ce, "To za ka dafa Alƙur'ani ka rantse ba ka san wanda ya sa a mangalarka ba?" Sai tsoho ya ce, "Wannan kam ba zan rantse ba." Aka ce to faɗi sunansa, ya ce shi ba shi da abin faɗi. Alƙali ya fusata, ya ce mai ɓoye ɓarawo ɗan'uwan ɓarawo ne, a tsare shi a gidan waƙafi ya yi tunani kafin shi alƙalin ya dawo daga rangadi. In ya faɗi suna ya tafi gida. In ya ƙi, hukuncin ya hau kansa: bulala a tsakiyar kasuwar da aka yi satar, sannan 'yan watanni a gidan yarin Kano. Wani na kusa da ni ya ce ai ya gode Allah zamanin Turawa ne, an daina yanke hannu. Ni na san jikin mutumin nan, tari yake yi tun damina, ina ya ga ƙarfin ɗaukar bulala?

Washegari matata ta yi fura ta ba ni in kai masa. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin da aka tsare shi, na tura ƙwaryar, na ce, "Baba..." Bai dube ni ba. Ya juya fuska wajen bango kamar yadda ya saba, yana magana kamar da wani yake yi. Ya ce, "A gaya wa mai ɗinki ya kama bakinsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Telan da aka zane a kasuwa kan sata, wa zai ƙara ba shi yadi ya juya baya? Da me zai ciyar da yarinyar nan da jikokina? Ni na ci zamanina. Abu ɗaya nake roƙo, a cire mini gyaɗata kada ta tsiro a ƙasa, kuma kada yarinyar ta ji." Na ce, "Baba, ni ne fa..." Ya ce, "Ban tambaya ba." Ya jawo ƙwaryar ya yi bisimilla.

Da ma zagina ya yi, da na samu sauƙi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to ni na ja, ga shi yana dukan wani. Na cire gyaɗar, mutane suna ta sa mini albarka, wai ba a taɓa ganin suruki irina ba. A masallaci wani ne yake kiran salla yanzu, duk sanda ya ɗaga murya sai in ji kamar an soka mini tsinke a ƙirji. A gida kuwa matata ba ta da aiki sai kuka. Tana tuƙa tuwo tana cewa, "Malam, duk wanda ya yi wa Baba wannan ƙulli, Allah ya isa! Allah ya tona masa asiri a bainar jama'a! Ka ce amin mana." Ni kuma sai in ce amin. Da bakina nake cewa amin, sannan in sa hannu in ci tuwonta.

Yanzu ga inda na tsaya. In na je na faɗa wa alƙali gaskiya, na karya maganar dattijon da ya zaɓi a zane shi don ya rufa mini asiri, wahalar da ya sha ta tashi a banza, sana'ata ta mutu, ban kuma san ko matata za ta ƙara kwana a ɗakina ba. 'Ya'yana su tashi ana nuna su da baki. In na yi shiru, za a tuɓe wa ladan riga a gaban rumfata, a wajen da yake ɗaure jakinsa, ina zaune ina ji. Na yi tunanin in je wa mai kantin a ɓoye in roƙe shi ya yafe, amma magana ta riga ta bar hannunsa. Malamai, shin biyayya ga suruki ta kai a bar shi ya ɗauki zunubin da ba nasa ba? In ya mutu a Kano fa, da wane ido zan dubi 'yarsa?

An ce alƙali ya kusa dawowa. Jiya matata ta wanke babbar rigar mahaifinta ta ba ni, wai in ɗinke inda 'yan doka suka yaga, don ya tsaya gaban shari'a da mutuncinsa. Ga ta nan a kan cinyata, na kasa zura zare a allura.

Don Allah jama'a, me zan yi?