Ƙaramin Injin Ya Ishe Mu

Baba,

Na fita kafin ka tashi, motar ma'aikata ba ta jira. Kununka na cikin fulas.

Maganar injin yankan itace ce. Jiya a shagon Uzodinma ka tambayi ra'ayina, na ce duk wanda ka zaɓa ya yi. Ka yi haƙuri, ba gaskiya na faɗa ba. Mutane sun yi yawa, bakina ya yi nauyi.

Babban nan da ya kwanta maka a rai na masu kayar da bishiyoyi a daji ne. Sau huɗu ka ja igiyarsa bai tashi ba, sai Uzodinma ne ya tayar. Da ka ɗaga shi na ga ka cije leɓe, kafaɗar nan da ta goce bara ce. In hannu ya gaji ya saki irin wannan inji, ƙafa yake samu.

Mu rassan mangwaro da darbejiya kawai za mu riƙa yankawa na girki. In ka koma shagon nasa a Sabon Gari yau, ka ɗauki ƙaramin, mai birkin da ke tsayar da sarƙar yankan nan take. Ka tayar da shi da hannunka, Uzodinma kuma ya nuna maka awon man da ake haɗawa da fetur.

Na san ka riga ka ce babban a gaban jama'a. In sun tambaya, ka ce 'yarka ce ta nace, wai ita ma za ta riƙa yanka. Su yi mini dariya, ba komai.

Rahila